Irin Gyaɗar Inna

A gidanmu akwai abin da yaro zai yi a dake shi, akwai wanda zai yi a yi masa dariya, sannan akwai taɓa iri, wanda ban san hukuncinsa ba, domin ban taɓa ganin wanda ya gwada ba. Ƙauyenmu ƙarami ne, can yamma da Bangui, babban birnin ƙasar, a bakin wata hanya mai jar ƙasa da manyan motoci ke bi idan sun ga dama. Kakanninmu fatake ne da suka zo daga Arewa da niyyar wucewa, sai jari ya ƙare, suka zauna suka rungumi fartanya. Ni dai na buɗe ido na ga muna noman rogo da masara kamar sauran mutanen ƙasar, muna cin gozo, wato tuwon rogo, muna yin Hausa a cikin gida. Abin da ya raba gonarmu da ta kowa shi ne gyaɗa.

Gyaɗar Inna ƙarama ce, ja wur, ga mai. Maƙwabta suna shuka wata babba fara mai cika ido, amma idan aka zo matsar mai sai su yi ta leƙen kwaryar Inna. Kakata ce ta zo da ita daga Arewa a ƙulle a bakin zanenta, ta bar wa Inna, kuma tun daga lokacin ba a taɓa yin damina ba tare da an shuka ta ba. Idan aka gama cira aka shanya, Inna takan zauna a tabarma ta zaɓi masu nauyi da hannunta, ta girgiza kowace a kusa da kunne, ta ware. Waɗannan ba a ɓare su. Takan birkita su da toka, ta zuba a buhu, ta rataye a saman murhu inda hayaƙi zai riƙa dukansu har ruwan shuka ya sauka. Mun sha kwana da miyar da ba ta da komai sai gishiri, buhun nan yana lilo a kanmu, ko ɗaga kai ba ma yi mu kalle shi.

Babanmu ya rasu ina ƙarama, ya bar Inna da mu huɗu da gona. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye idan akwai mutane. Takan ce da bango, ko da akuya, "A gaya wa waccan ta kawo ruwa." Ina tsaye a gabanta fa. A lokacin abin yana ba ni haushi ƙwarai, ina ganin ƙannena suna hawa cinyarta, ni kuwa sai a gona muke samun jituwa. A can ne kawai take sakin jiki, tana gaba tana saran rami, ina baya ina jefa iri ina rufewa da diddige, mu yi yini guda ba wanda ya ce uffan.

Makarantar ƙauyenmu ɗaki ne na ciyawa, kuma daga firamare ta tsaya. Malaminmu ya dage wa Inna cewa kaina yana ja, asara ce a bar ni. Ya yi ta zarya har ta gaji ta ce a tambayi Goggo, ƙanwar babanmu da ke aure a unguwar Kilomita Biyar, cikin Bangui. Goggo ta aiko cewa a turo ni. Ranar tafiya Inna ta tashi ta ɗauki fartanya ta tafi gona tun kafin motar ta gama lodi. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da muke ce wa Iya, ita ta raka ni, ta damƙa ni a hannun direba. Na hau saman buhunan rogo ina ta waige ko zan hango Inna a bakin gona. Ban gan ta ba, na yi kuka har na gaji na yi barci a kan buhu.

Gidan Goggo yana wani lungu a bayan Titin Koudoukou, ɗakuna a jere, tsakar gida duk siminti, ko ciyawa ɗaya ba ta samu wurin fitowa ba. Mijinta yana da shagon atamfa da ya fi shekara yana tangal-tangal, ita kuma tana soya gyaɗa da yashi, ta ɗura a kwalabe, yara su kai bakin titi. 'Ya'yanta da Sango, yaren garin, suka tashi. Idan na yi magana sai su kwashe da dariya su ce Hausata irin ta tsofaffi ce, ni kuma in ce tasu ko jariri ba zai yi alfahari da ita ba. A makaranta kuwa Faransanci ne ya sha mini kai, domin wanda na zo da shi daga ƙauye bai wuce na gaisuwa da ƙirga ba. Shekarar farko ban fahimci rabin abin da ake faɗa ba. Na daure ne kawai don na san abin da aka rasa a gona da aka rasa hannuna.

Direban da ya kawo ni, wanda nake ce wa Baba direba, shi ne igiyar da ta haɗa ni da gida. Ƙauyenmu ba ya samun waya, sai an hau wani tudu mai nisa, kuma ko da yana samu Inna ba za ta kira 'yar fari ta ce tana kewarta ba. Saƙonta buhu ne. Wani lokaci garin rogo, wani lokaci busasshiyar kuɓewa, bayan kaka kuma gyaɗa ɓararriya. Nakan tambayi Baba direba me ta ce, shi kuma kullum amsarsa ɗaya: "Ta ce a ba yarinyar." Sai in buɗe buhun in yi ta shinshina, in gane daga abin da ke ciki ko shekarar ta yi kyau.

A shekarata ta uku aka fara cewa hanyar yamma ba lafiya. Masu bindiga suna tare motoci, suna shiga ƙauyuka. A Kilomita Biyar ma mutane sun rage nisa, kowa yana sauri ya koma gida kafin magariba. Buhun Inna ya daɗe bai zo ba. Sai ga shi wata rana a farkon damina, ina makaranta, Baba direba ya jefar da shi a ƙofar gida ya wuce ko ruwa bai sha ba.

Tun daga bakin lungu na ji ƙamshin suya. Na shiga na tarar da Goggo a gaban kasko tana juya yashi, 'ya'yanta mata sun kewaye tabarma suna ɓara, hannuwansu fari fat da toka. Na kalli tokar, na kalli buhun da ya yi baƙi da hayaƙi, na gane ɗinkin da Inna take yi wa bakinsa. Na jefar da jakata na faɗa kan tabarmar na rungume abin da ya rage.

Goggo ta ce, "Ke lafiyarki kuwa?"

Na ce, "Goggo, iri ne. Wannan ba na ci ba ne, iri ne."

"Irin me? Gyaɗa ce uwarki ta aiko, ga ta da datti kamar an tono ta daga murhu."

"Shi ne za ta shuka bana. Idan aka soya, me za su shuka?"

Ta tsaya da juyawa ta dube ni. Goggo a Bangui ta tashi tun tana ƙarama, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, amma ba muguwa ba ce, kuma ba wawuya ba. Ta ce, "To idan na shuka ne, me ya kawo shi nan? A kan simintin za ki shuka? Mace ta ga 'yarta tana cin abinci a gidan mutane shekara da shekaru, ta aiko da abin da take da shi. Ke kuma kin zo kina mini birgima."

Ni ma tambayar ke nan da take cin raina. Abin da na iya tunani shi ne rumbu ya ƙare, Inna ta rasa abin aikowa, kunya ta sa ta sauke buhun da ba a taɓawa don kada a ce ta bar wa dangin miji nauyin 'yarta. Wato saboda ni, saboda karatuna, ƙannena za su wayi gari bana ba gyaɗa a gona. Na ji na tsani makarantar, na tsani littattafan, na tsani malamin da ya ce kaina yana ja. Na riƙe ƙafar Goggo ina roƙonta, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na ce zan riƙa yin wankin gidan duka, zan kai kwalabe bakin titi bayan makaranta, ta bar mini sauran kawai.

Babbar 'yarta ta ce da yaren Sango wai ƙauyanci ne ya motsa, ana kuka a kan karako, wato gyaɗa. Goggo ta daka mata tsawa. Sannan ta ce mini, "Tashi ki kwashe. Wanda ya shiga kasko dai ya shiga." Abin da na tattara bai kai kashi ɗaya cikin uku na buhun ba. Na haɗa har da tokar da ta zube, na share ta da hannu na mayar ciki.

Daga ranar tunanina ya koma ɗaya: yadda irin nan zai koma ƙauye kafin lokacin shuka ya wuce. Ruwa ya riga ya sauka. Kowane ɗan ƙauye ya san gyaɗa ba ta jira, idan ƙasa ta sha ruwan farko aka yi sanyin jiki, sai dai a tari baɗi. Duk sanda hadari ya haɗo a kan Bangui mutane suna murna zafi zai ragu, ni kuwa sai in hau lissafin kwanakin shuka da suka rage.

Washegari ban je makaranta ba. Na tafi inda manyan motoci ke lodi, na samu Baba direba a ƙarƙashin motarsa yana gyara. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya taimaka ya mayar wa Inna da wannan.

Ya fito yana goge hannu ya ce, "'Yata, ni da hanyar nan mun yi sallama. Da kyar na fito da raina wannan karon."

Na ce, "Baba, da ta ba ka buhun me ta ce?"

"Abin da ta saba faɗa. A ba yarinyar."

"Ba ta ƙara komai ba? Yaya ka ga jikinta? Yaran fa?"

Ya ce bai tsaya kallon kowa ba, inji ma bai kashe ba, ta miƙo buhun ta taga ya ja mota. Ya ce in yi haƙuri in koma karatuna. Na tsaya a wurin har ya sake shigewa ƙarƙashin motar, ina jin kamar in ja ƙafarsa in fito da shi.

Na shiga bin manyan shagunan sari ɗaya bayan ɗaya, domin su ne ke aika kaya yamma. Wasu suka saurare ni, wasu suka ɗauka bara na zo yi suka ce Allah ya ba da haƙuri tun ban buɗe baki ba. Wani Alhaji ɗan Nijar ya ce motarsa za ta tashi ranar Asabar, in zo da saƙon. Na je tun da sassafe, na tarar an sauke kayan, yaran mota suna zaune suna shan shayi. Aka ce sai wani makon. Wani makon ma aka ce sai wani. Ranar Juma'a nakan tsaya nesa da ƙofar Masallacin Koudoukou idan an sallame, ina duban fuskoki ko zan ga wani daga wajenmu. Na tare mutane da yawa da ban sani ba saboda kawai tafiyarsu ta yi kama da ta manoma.

A gida kuma wani yaƙin ne. Goggo da gawayi take girki a tsakar gida, babu murhun da zan rataye buhu a kansa. Ɗakinmu yana yoyo, ga ɓeraye, ga ƙananan yara da ba su ga dalilin da zai hana su ɗiban gyaɗar da ke ajiye ba. Na kama ƙaramin ɗan Goggo da guda biyu a baki, na mare shi, Goggo ta yini ba ta yi mini magana ba. Daga nan na daina barin buhun a gida. Na rage shi ya zama ƙunshi, na riƙa cusa shi a jakar makaranta, littattafan kuma in riƙe a hannu. 'Yan ajinmu suka gano, suka sa mini suna mai karako. Ban damu ba. Malamarmu ta lissafi ta tsayar da ni ta ce ta lura ina yawan fashi, ga jarrabawar ƙarshen shekara ta matso, idan na faɗi ba za a bar ni in maimaita ba. Na ce mata to. Ta ce ba "to" take son ji ba, dalili take so. Na rasa yadda zan faɗa da Faransanci ba tare da abin ya zama abin dariya ba.

Wata rana aka ce mini akwai motar da za ta tashi daga can ƙarshen unguwa. Na hau babur don kada ta tafi ta bar ni. Muna tsakiyar titi ruwa ya ɓarke, irin na Bangui da ba ya sallama. Kafin mu samu rumfa na jiƙe sharkaf, jakar ma haka. Motar kuma da muka isa ashe kudu za ta. Na dawo a ƙasa ina tafe ina kuka, ba wanda ya lura tunda kowa a jiƙe yake.

Na baza irin a kan tire a ɗaki, washegari rana ta ɗan leƙo na fitar da shi, na zauna a gefensa ina korar kaji da yara. Kafin azahar hadari ya sake haɗowa. Na taɓa ɓawon na ji ya bushe. Na ce ba za a sake yi mini haka ba, na nemo leda mai kauri a shagon mijin Goggo, irin wadda atamfa ke zuwa a ciki, na zuba, na ƙulle bakin tamau, na sake sakawa a wata ledar. A ƙauye ba mu da leda irin wannan, ban taɓa ganin an ajiye iri a cikinta ba, amma na ga ruwa ba ya ratsa ta, kuma ruwa nake tsoro. Har na ji daɗin dabarata. Sau da yawa raina ya ce in fasa guda ɗaya in duba, sai in ga kamar idan na fasa na rage wa Inna rami ɗaya a gona. Ko guda ban fasa ba.

Haka makonni suka yi ta wucewa. Na rame, Goggo ta fara yi mini kallon mai ciwo. Ta kai ni wurin wani malami ya yi mini rubutu na sha, don ta ce abin nawa ya wuce hankali. Wata safiya tana ɗura gyaɗa a kwalba ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da na sani da ban soya ba." Na san da gaske take, amma a lokacin ina jin haushinta har cikin ƙashina. A lissafina masara ta riga ta kai gwiwa a gonakin mutane. Duk da haka ban daina zuwa tasha ba. Na ce ko a makare ne, idan Inna ta jefa shi a ƙasa za ta samu abin da zai zama iri baɗi, ko ba a ci komai ba.

Ana saura kwanaki kaɗan jarrabawa, wata yarinya ta shigo gida da gudu ta ce motoci sun iso daga yamma cike da mutane, an sauke su kusa da masallaci. Na ɗauki jakata na fita ko takalmi ban tsaya nema ba. Na tarar da jama'a zaune a ƙasa da ƙullin kaya, da tukwane, da tabarmi, wasu da kaji a hannu. Na fara ganin fuskokin da na sani: mai gyaran keke, matar limaminmu, yaran da muka yi firamare tare. Na riƙa kutsawa ina duba kowace mace mai tsayin Inna. Sai na ji an kama zanena. Iya ce, maƙwabciyarmu, ta ƙanƙance, ƙafafunta sun kumbura.

Na durƙusa na ce, "Iya, ina Inna?"

Ta ce, "Tana raye. Su duka suna raye, kwantar da hankalinki."

Ta ce ƙauye ya watse, ba wanda ya rage. Sun fito tare a ƙasa, suka yi kwanaki a daji, sannan aka rabu. Masu ƙarfi suka nufi iyakar Kamaru, Inna da ƙannena suna cikinsu. Tsofaffi da marasa lafiya suka jira har aka samu motar da ta kwaso su zuwa nan. Na tambaye ta ko yunwa ce ta sa Inna ta aiko mini da iri.

Iya ta ce, "Wace yunwa? Rumbunta da sauran abinci muka baro shi. Ta ga alamar ba za a yi shuka bana ba, ta ga idan gudu ya zo ba za ta iya ɗaukar yaro da buhu ba. Ni na ce mata ta gaya wa direban ajiya ce. Ta ce ba sai ta faɗa ba, waccan tana gani za ta gane."

Na zauna daɓas a ƙasa. Watanni ina yawo a Bangui ina neman wanda zai mayar da abin da aka aiko mini don in ɓoye. Na ji wani sanyi ya ratsa ni duk da haka, domin ban samu motar ba, kuma ga shi a jakata. Na ce, "Iya, yana nan. An soya da yawa kafin in dawo daga makaranta, amma na tsirar da wannan." Na fito da ƙunshin, ina son wani daga gida ya ga abin da na yi.

Tana ganin ledar fuskarta ta canja. Ta karɓa ta kwance ƙullin farko da haƙori, ta kwance na biyu. Wani wari ya taso, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Tokar ta dunƙule ta yi laushi. Iya ta ɗauki guda ta matsa da yatsa, ɓawon bai yi ƙara ba, ya lotsa kawai. Cikinsa baƙi ne, da fumfuna kore. Ta yar ta ɗauki wata. Ita ma haka.

Na ce, "Na saman ne. Ki duba na ƙasa."

Iya ta shimfiɗa gefen zanenta ta juye duka, ta shiga fasawa ɗaya bayan ɗaya. Matar liman ta matso ta sa hannu, wata mata ma ta matso. Mutanen da suka baro gidajensu da gonakinsu, ba su san inda za su kwana ba, suka zauna a gefen titi suna taya ni neman ƙwaya ɗaya mai rai. Ina tsaye a kansu, babura suna wucewa, duk wadda aka ɗauka sai in ce a raina wannan ce. Na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba, ko a ranar da babanmu yake jinya. Tulin ɓawo ya yi ta girma a gefe guda har zanen ya koma ba komai sai jiƙaƙƙiyar toka.

Iya ta karkaɗe zanenta ta goge hannu a cinya. Na jira ta yi mini faɗa, ina ma so ta yi, amma sai ta jawo ni ta zaunar kusa da ita, ta tambaye ni yaushe ne jarrabawa. Na faɗa mata. Ta ce in je in rubuta, in kuma ci, tunda shi ne abin da ya rage a hannuna. Sannan ta rage murya yadda sauran matan ba za su ji ba.

Ta ce, "Idan Allah ya haɗa ku da Inna, kada ki yi saurin gaya mata. Duk inda muka yada zango a dajin nan, idan mata suka fara lissafin abin da suka bari, ita sai ta ce nata da sauƙi, irinta yana Bangui wurin mai karatu."